Amsoshin Wasiƙunku: Dashen Gashi ga Mata, da Man Tsiro da Ake Tallatawa a Waya

Assalamu alaikum, masu karatu. Wasiƙun da suka taru a wannan karo kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato zubewar gashin mata da kuma dashen gashi da ake ta tallatawa a Facebook da TikTok, saboda haka na haɗa su wuri guda. Kamar yadda muka saba, na cire sunaye na bar unguwa kawai, domin magana ce da mace ba ta so a ji ta a bakin famfo.

Tambaya daga Aboabo, Kumasi: "Hajiya, shekaruna 34, ina sayar da atamfa a kasuwar Kejetia. Tun ina budurwa nake son ƙananan kitso da ƙarin gashi, yanzu gashin gaban goshina da na gefe biyu ya tafi, wurin ya yi sumul. Ko a ɗaki ba na cire ɗankwali, har maigidana ya fara tambaya. Wani mutum a WhatsApp ya ce zai kai ni Istanbul a dasa mini gashi a kan dala 2,500 har da masauki, amma in fara tura rabi ta momo, wato ta waya. Na kusa kwasar susu, wato adashi. In tura?"

Amsa: 'Yar'uwa, kada ki tura masa ko sidi ɗaya. Amma kada ki ɗauka na rufe miki ƙofa, domin a cikin duk matan da suka rubuto mini ke ce wadda dashen zai fi yiwuwa ya amfana. Na ji nauyin abin da kike ɗauke da shi. Macen da ba ta iya buɗe kanta a ɗakin mijinta, wadda in an je gidan biki ana ɗaurin kallabi sai ta nemi lungu ta ɗaura nata ita kaɗai, tana cikin damuwa ta gaske, kuma ba wanda ya isa ya ce mata son banza ne ko rashin godiya.

Bari in fara da yadda aikin yake, tunda masu talla ba sa bayyanawa. Gashinki ne na ƙeya da bayan kunne ake cirowa da saiwarsa a mayar da shi inda babu, ba a ƙara miki ko sili ɗaya daga waje. Likitocin Japan suna cikin waɗanda suka fara gwada wannan, cikinsu har da Okuda a 1939, sannan a 1959 wani likitan fata na New York mai suna Norman Orentreich ya wallafa bayanin da aikin ya ginu a kansa har yau, cewa saiwar da aka ɗauko daga ƙeya tana riƙe halinta ko da an canza mata wuri. Hanya biyu ake bi. A ta farko, wadda za ki ga an rubuta FUT, ana yanko siririn yankin fata daga ƙeya a ɗinke wurin, sannan a rarraba saiwoyin ƙarƙashin madubin ƙara girma. Tana barin dogon tabo siriri, amma ba sai an aske kai ba, shi ya sa mata da yawa suka fi karkata gare ta. A ta biyu, wato FUE, ana amfani da ɗan ƙarfe mai rami wanda faɗinsa kusan milimita 1 ne, ana zaro saiwoyin ɗaya bayan ɗaya, kowane ƙulli ɗauke da sili 1 zuwa 4, kuma galibi sai an aske inda za a ciro. Da allurar kashe zafi ake yi, kina farke, aikin kuma yana iya cinye yini guda. Abin da nake so ki riƙe da kyau shi ne, inda aka zaro saiwa ba ta sake fitowa har abada. Gashin ƙeya yana da iyaka, in baragurbin ma'aikaci ya ɓarnatar da shi, ba ki da wani wurin da za a sake ɗebowa.

Irin zubewar da kika bayyana ita ce wadda jan kitso ke haddasawa, kuma mataki biyu gare ta. A farko saiwar tana da rai, za ki ga ƙananan ƙuraje a bakin kitso da 'yan siraran gashi kamar na jariri, in aka daina ja gashin yana iya dawowa da kansa. In aka daɗe ana ja shekara da shekaru sai saiwar ta mutu, fatar ta yi santsi tana sheƙi, ko ƙofar gashi ba a gani. A wannan mataki babu mai ko ƙwaya da za su tsiro da komai, dashe ne kaɗai ke mayar da gashi, kuma yana yin kyau ga mata irinki saboda galibi ƙeyarsu lafiya lau take. Sai dai madubin ɗakinki ba zai iya gaya miki matakin da kike ba. Akwai ma wata cuta ta daban da ke cin gashin goshi, wani lokaci har da gira, wadda ke kama da taki a ido alhali ba a yi mata dashe tana kan ci. Saboda haka kuɗin farko da za ki kashe na ganin likitan fata ne a asibitin Komfo Anokye, wanda muke kira Gee, masu zama Akra kuma su nufi Korle Bu.

Akwai abu biyu da suka shafi jikinmu mu baƙar fata, waɗanda ɗan kamasho na WhatsApp ba zai taɓa ambata miki ba. Na farko, gashinmu ba a waje kaɗai yake nannaɗe ba, saiwarsa ma a lanƙwashe take a cikin fata, don haka hannun da ya saba da miƙaƙƙen gashin Turawa da Larabawa yana iya datse saiwoyi masu yawa wajen zarowa, saiwar da aka datse kuwa ta tafi ke nan. Na biyu shi ne tabon nan mai tasowa ya yi tudu, wanda likitoci ke kira keloyid, irin wanda kike gani a kunnen wasu mata bayan huji. Ya fi yawa a cikinmu, kuma in kin taɓa samun irinsa a kunne, ko a ƙirji, ko a wurin ɗinkin haihuwa, dole ki gaya wa likita tun kafin ya tambaya. Likita mai tsoron Allah yakan fara dasa 'yan kaɗan na gwaji, ya jira watanni ya ga yadda fatar ta warke, kafin ya taɓa sauran.

Ki kuma san cewa ba za ki sauka a filin jirgin saman Akra da gashi ba. A kwanakin farko goshi yana iya kumbura, wurin yana yin ɓawo, kuma kusan mako 2 ba a so wani abu ya goge shi, wanda ke nufin ɗaurin ɗankwali da matsattsen hijabi sai an yi musu dabara, ki kuma tambayi malami yadda za ki yi da shafar kai a alwala. Bayan 'yan makonni gashin da aka dasa zai zube, wannan ba lalacewa ba ce, haka aikin yake. Sai wajen wata na 3 ko na 4 sabo zai fara leƙowa, cikakken sakamako kuwa sai shekara guda, wani lokaci har wata 18. In kuma kika koma wa kitson da ya kawo ki nan, gashin da kika saya da tsada zai bi na farko.

Game da Turkiyya, gaskiya ne akwai ƙwararrun likitoci a Istanbul, kuma gaskiya ne akwai wuraren da likita ke leƙowa ya zana layi a goshi ya fita, ya bar yaran aiki da wuƙa, ana yi wa mutane da yawa a rana ɗaya. Mutumin da ke neman rabin kuɗi ta momo alhali bai gaya miki sunan likita ba, bai nemi ganin ƙeyarki ba, bai tambayi lafiyarki ba, ko dai macuci ne ko kuma dillalin irin waɗancan wurare. Ko a ina za ki yi, ki nemi cikakken sunan wanda zai riƙe ƙarfen da hannunsa, ki nemi hotunan mata baƙar fata da ya yi wa aiki bayan shekara guda, ki kuma tambayi wanda zai duba ki in wurin ya yi ruwa bayan kin dawo Kumasi. In a nan Gana ne, ki tabbatar sunan likitan yana cikin rajistar Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori, asibitin kuma yana da lasisin HeFRA, hukumar da ke ba asibitoci lasisi. Katin inshorar lafiya na NHIS ba ya biyan aikin kwalliya, duk daga aljihunki ne, kuma bayan kuɗin aikin akwai biza, da magunguna, da makonnin da shago zai zauna a hannun wani, da yiwuwar a ce sai an yi zagaye na biyu. Kuɗin susu in jarinki ne, ki bar shi a atamfa, ki tara na dashe daban a hankali bayan likita ya ce kin cancanta. Maigida kuma ki zaunar da shi ki nuna masa, domin ɓoyon ya fi zubewar cin rai.

Tambaya daga Asawase: "Hajiya, wata 4 ke nan da na haihu, in na taje kaina gashi sai ya cika matajin, har a kan filo nake gani. Ina kuka kullum. Zan yi sanƙo ne? In fara neman kuɗin dashe?"

Amsa: 'Yata, share hawayenki, ba za ki yi sanƙo ba in Allah ya yarda, kuma ba abin da za ki saya. Lokacin ciki gashin da ya kamata ya riƙa zubewa kullum yakan tsaya, shi ya sa kan mai ciki ke cika, bayan haihuwa da wata 2 zuwa 4 sai duk su zube lokaci guda. Ko mace mai cikakkiyar lafiya tana zubar da sili 50 zuwa 100 a rana daga cikin kimanin 100,000 da ke kanta, naki ya taru ne ya fito tare. Yawanci kafin yaro ya cika shekara kai ya koma yadda yake. Ki ci abinci mai ƙara jini, hanta da wake da ƙwai da ganye, ki yi kitso manya sakwa-sakwa, kuma kada ki shafa wani maganin gashi kina shayarwa. In kin kai yaro awo ki roƙi a duba miki jini, musamman in kin zubar da jini da yawa wajen haihuwa ko kina yawan jiri. In shekara ta wuce bai tsaya ba, a duba miki ƙarancin sinadarin ƙarfe da kuma tayirod, wato halittar nan ta wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo. Allah ya raya abin da aka samu.

Tambaya daga Alabar: "Ƙanwata tana da gashi har baya, ta yarda ta ba ni. Ko kuma a dasa mini irin dogon gashin Indiya da ake sayarwa a Adum. Wanne ya fi sauƙin kuɗi?"

Amsa: Babu ko ɗaya da zai yiwu, kuma da kin ɗan tsaya kin yi tunani da ba ki ɓata takarda ba. Gashin da ake sayarwa a Adum yankakke ne, ba shi da saiwa, me zai tsiro? Na ƙanwarki kuma jikinki zai ɗauke shi a matsayin baƙo ya kashe shi, kamar yadda yake yi wa ƙodar da aka ba mutum in bai sha magungunan danne garkuwar jiki ba, kuma ba likitan da zai ɗora ki a kan waɗannan magunguna masu haɗari saboda gashi. In wani ya ce zai cusa miki zaren roba a fatar kai, ki tashi ki bar wurin, domin hukumar magunguna ta Amurka ta haramta wannan tun 1983 saboda ƙuraje da ruɓewa da tabon da yake jawowa. Ba ki ma gaya mini ko gashinki yana zubewa ba. In tsawo kawai kike nema, dashe ba ya ƙara tsawo, kuma ba ya canza irin gashin da Allah ya ba ki.

Tambaya daga Tafo: "Hajiya, gefen goshina ya fara ja baya. Na sayi man tsiro da gashi kala uku wajen masu talla a TikTok, ɗaya an ce daga Dubai, ɗaya daga Indiya, ɗaya haɗin gida ne. Na ukun yana yi mini zafi da raɗaɗi, mai sayarwa ta ce alamar yana aiki ne. Wanne zan ci gaba da shi kafin in tara kuɗin dashe?"

Amsa: Ƙanwata, ki daina duka ukun yau, na ukun kuma ki je ki wanke shi daga kanki yanzu. A nan zan ɗan tsaya, domin wannan sana'a ta man tsiro ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma a ganina ta fi kowane asibitin dashe cutar da matan zango.

Ɗauko kwalbar ki duba ta da kyau. 'Yar roba ce irin wadda ake saya da dozin a kasuwa, an manna mata takarda mai hoton wata mace da gashi har gadon baya, babu sunan kamfani, babu adireshi, babu jerin abin da aka zuba a ciki, babu ranar lalacewa, sai lambar waya da alkawarin sakamako cikin kwana 7. Gashin ɗan Adam kimanin santimita 1 yake ƙaruwa a wata, namu ma bai cika kai hakan ba, to ta ina goshi zai cika a mako guda? Hotunan "kafin" da "bayan" da kuke gani kuna tura kuɗi, a na farko an jiƙa gashin an ja shi baya an haska masa fitila, a na biyu an taje shi gaba an shafa baƙin feshi ko kwalli a fatar. Raɗaɗin da aka ce miki alamar aiki ne kuwa ƙonewa ce. Barkono da tafarnuwa da citta da mentol duk suna sa fata zafi, fatar da ke kumbure kullum kuma tana ƙara raunana saiwar da dama take jin jiki. Tunda ba a rubuta komai a jikin kwalbar ba, ba ki da hanyar sanin ko an zuba mata irin sinadarin da ke cikin mayukan bilicin, wanda ke sa fata ta yi siriri.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, matan da ke sayen waɗannan kwalabe su ne waɗanda in sun shiga Kejetia za su yi rabin sa'a suna ciniki a kan kwandon tumatir, su juya yadi su duba bakinsa kafin su yarda asali ne, su auna zinare sau biyu. Amma da zarar wata mai zaƙin baki ta fito a waya ta ce saura kwalba biyar, sai a tura momo ba tambaya, har da kuɗin ɗan babur. In ta farko ba ta yi ba a ce ba a haɗa da sabulunta ba, in ta biyu ba ta yi ba a ce jinin mutum ne mai ƙarfi, a sayi ta uku. Ki zauna ki lissafa abin da kika kashe a kan kwalabe ukun nan, ki kwatanta da kuɗin kati da ganin likitan fata sau ɗaya, za ki ga da tuni an gaya miki ainihin abin da ke damunki har da canji. Asarar kuɗin ma mai sauƙi ce. Babbar asarar ita ce lokaci, domin ke kina matakin da saiwar ke da rai, kuma duk watan da kika ɓata kina shafa mai kina ci gaba da kitson da ke jan ta, kina matsawa ne zuwa matakin 'yar'uwarmu ta Aboabo, inda sai wuƙa da dala.

Maganin shafawa da aka tabbatar yana taimakawa shi ne minoksidil. Asalinsa ƙwayar hawan jini ce, aka lura masu shan ta gashi yana fito musu, sai aka mayar da shi na shafawa, Amurka ta amince da shi a 1988. Yana zuwa da ƙarfin kashi 2 da kashi 5 cikin 100. Shi ma yana da sharuɗɗa: sai an yi wata 4 zuwa 6 ana shafawa kafin a ga wani abu, a farko gashi yana iya ƙara zubewa, in ya gangaro fuska yana tsiro da gashi a kumatu, mai ciki da mai shayarwa ba sa amfani da shi, ga masu zubewar gado kuma in an daina abin da aka samu yakan tafi. Ba ya tayar da saiwar da ta riga ta mutu. Shi ma ana yin jabunsa, saboda haka a kantin magani mai lasisi ake saye, ba a hannun mai tallan waya ko a cikin mota ba, kuma ki duba lambar rajistar Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Gana, wato FDA, a jikinsa. Akwai kuma ƙwayar da ake ba maza masu sanƙo mai suna finasterayid, na ji wasu mata suna ɗaukar ta mazajensu suna sha. Macen da ke iya ɗaukar ciki kada ta kuskura, domin tana lalata halittar al'aurar ɗa namiji a ciki.

Man kaɗe da matan arewa ke kawowa, da man ƙwaƙwa, da garin chebe na mutanen Chadi, ban hana ki su ba. Suna tausasa gashi, suna rage karyewa, shi ya sa ake ganin kamar ya ƙara tsawo. Ki saye su a kan kuɗinsu na kasuwa a matsayin abin da suke, kada wata ta narka miki man kaɗe ta zuba turare ta ninka kuɗinsa sau goma da sunan Dubai.

Maganin da ya fi duka kuwa kyauta ne, kuma shi ne wanda ba a so a ji. Binciken da likitar fata Nonhlanhla Khumalo ta wallafa a 2007 daga birnin Cape Town ya gano irin wannan zubewa ta ja a kusan mace 1 cikin 3, da kuma kimanin kashi 17 cikin 100 na 'yan mata 'yan makaranta, kuma haɗarin ya fi yawa ga waɗanda ke ɗora kitso mai ja a kan gashin da aka miƙar da rilaksa. Duk kitson da ya ɗaga miki gira, ko ya sa sai kin sha farasitamol kafin ki yi barci, ko ya hana ki kai goshi ƙasa cikin natsuwa a sujada, ki tsefe shi a ranar ko nawa kika biya. Ki gaya wa mai kitso ta bar 'yan gashin gaba kada ta kama su, ƙarin gashi kada ya yi nauyi, kada kuma kitso ya wuce wata 2 a kai. Masu tufke gashi tamau a ƙarƙashin hijabi, sannan su ɗaure ɗankwali a wuri ɗaya kullum, su ma su sassauta. Iyaye mata kuma ina roƙonku saboda Allah, ku dubi yaranku a jajibirin Salla. Yarinya 'yar shekara 5 an matse ta tsakanin gwiwoyi, tana kuka ana cewa ta yi haƙuri kyau sai da wahala, a gama a rataya mata duwatsu, washegari bakin goshinta duk ƙuraje. Wasiƙun da nake samu daga mata masu shekara 30 da 40 a nan suka faro.

Tambaya daga Sabon Zongo, Akra: "Hajiya, ni nawa ba a goshi ba ne, a tsakiyar kai ne, ya fara kamar kwabo yanzu ya kai tafin hannu. Wurin yana ƙaiƙayi, wani lokaci yana zafi in na taɓa. Na daɗe ina sa rilaksa. Ina da kuɗin dashe a hannu."

Amsa: 'Yar'uwa, wasiƙarki ta fi duka tayar mini da hankali, kuma ina so ki je Korle Bu a cikin wannan mako, kada ki jira bayan wani biki ko wata tafiya. Zubewar da ke farawa a tsakiyar kai tana faɗaɗa zuwa gefe, tare da ƙaiƙayi ko zafi, ta yi kama da wata cuta da ta fi kama mata baƙar fata, inda kumburi a cikin fata ke cinye saiwar ya bar tabo a madadinta. Tana bin gado a wasu gidaje, kuma sinadarai da zafi da ja suna iya ƙara mata ƙarfi. Likita zai iya ɗebo ɗan ƙaramin yankin fata a kai ɗakin gwaji don a tabbatar, kada wannan ya tsorata ki, ɗinki ɗaya ko biyu ne. Magani a nan na kashe kumburin ne, da man shafawa ko allura a fatar kai ko ƙwayoyi, don a ceci abin da ya rage. Dasa gashi a wurin da cutar ke ci daidai yake da dasa tumatir a ƙasar da wuta ke ci a ƙarƙashinta, dashen zai mutu, ƙeyar kuma ta yi asara. Sai cutar ta kwanta shekara 1 zuwa 2 ake fara maganar dashe, kuma ko a lokacin fatar da ta yi tabo ba ta karɓar saiwa kamar lafiyayya. Duk wanda ya karɓi kuɗinki a yau ya ce zai dasa bai bincika ba, ya zalunce ki. Rilaksa ki ajiye shi, kuɗin kuma ki riƙe don magani, zai ɗauki lokaci.

Tambaya daga Sawaba: "Hajiya, ni namiji ne. Maiɗakina shekarunta 48, gashinta ya yi shara-shara ko'ina har ana ganin fata, abin yana damunta ƙwarai. Ina so in biya mata dashe ba tare da ta sani ba, in ba ta mamaki. Amma wani ya ce mini haramun ne kamar ƙarin gashi."

Amsa: Malam, Allah ya saka maka da alheri da ka damu da damuwarta. Hadisin da aka ambata maka, wanda ke cikin Buhari da Muslim, a kan mai haɗa gashinta da wani gashi ne da wadda ake haɗa wa. Dashe kuwa gashin mutum ne ake mayar masa, kuma Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Putrajaya a Malesiya a 2007, ta lissafa dashen gashi bayan zubewarsa, musamman ga mace, cikin ayyukan gyara da suka halatta. Ka kai wa malamin unguwarku wannan bayani don zuciyarka ta natsu.

Amma maganar ba ta mamaki ka ajiye ta. Aiki ne na wuƙa a jikinta, ita ce za ta yanke shawara, kuma kuɗin da aka biya tun kafin likita ya gan ta matsi ne a kanta. Sannan irin zubewar da ka bayyana, wadda ke bin kai duka a shekarun da al'ada ke shirin ɗaukewa, ita ce dashe ya fi gazawa a kanta, domin sau da yawa ƙeyar ma ta yi siriri, babu wurin ɗebo mai ƙarfi, kuma aikin kansa yana iya girgiza gashin da ke kewaye ya zube. Ka raka ta wajen likitan fata, in ta fi son likita mace ku nema tun wajen yankar kati, a duba mata jini da tayirod, a tambayi magungunan da take sha, sannan a gwada minoksidil na aƙalla wata 6 in likita ya ga ya dace. In bayan haka ya duba ƙeyarta ya ce tana da abin ɗebowa, kuma ita da kanta ta ce tana so, sai ku bi tambayoyin da na ba 'yar'uwarmu ta Aboabo ɗaya bayan ɗaya kafin ka fitar da kuɗi.